LISSAFIN TURJIYA DA ƘARFIN AIKI NA WUTAR LANTARKI DAGA MATSI DA KWARARA

1.0 GABATARWA

Duk wanda yake zaune a gidan da aka ja wa wutar lantarki ya saba da jin kalamai irin su "yau wuta ba ta da ƙarfi", ko "wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone mana rediyo", ko kuwa "wannan dutsen guga ya fi wancan ƙarfi". Idan aka lura da kyau, za a ga kalma ɗaya ce, watau ƙarfi, ake ɗora wa nauyin abubuwa daban-daban waɗanda masana kimiyya suka rarrabe, kowanne da ma'auninsa. A hirar yau da kullum wannan ba laifi ba ne. Amma ga ɗalibi a aji, ko ga mai haɗa waya a gida ko a rumfar kasuwa, rashin rarrabewar yakan jawo asarar dukiya, wani lokaci har da ta rai.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana wa mahalarta wannan taro yadda ake samo turjiya da ƙarfin aiki daga abubuwa biyu da ake iya aunawa cikin sauƙi, watau matsi da kwarara. Za a nuna cewa ƙarfin aiki, da kuma zafin da waya take yi, ba sa hawa da sauka daidai wa daida da matsi ko kwarara, murabba'insu suke bi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a sha'anin lantarki kimar ido takan gaza, domin ƙaramin canji a matsi ko kwarara babban canji yake haifarwa a zafi. Daga ƙarshe za a nuna inda wannan lissafi yake da iyaka.

2.0 KALMOMI DA MA'AUNAI

Kafin a shiga lissafi, wajibi ne a daidaita a kan kalmomi huɗu da za a yi ta amfani da su.

(a) Matsi. Shi ne turin da yake sa lantarki ya motsa daga wani wuri zuwa wani. Kullum tsakanin wurare biyu ake auna shi, alal misali tsakanin kai da gindin batir. Ma'auninsa bolt, alamarsa kuwa V.

(b) Kwarara. Ita ce yawan lantarkin da yake wucewa ta wani wuri a cikin waya a kowace daƙiƙa. Ma'auninta amfiya, alamarta I.

(c) Turjiya. Ita ce gardamar da abu yake yi wa lantarki idan zai bi ta cikinsa. Ma'auninta om, alamarta R.

(d) Ƙarfin aiki. Shi ne saurin da lantarki yake juyewa ya zama zafi ko haske ko motsi. Ma'auninsa wat, alamarsa P.

Malamai sukan kwatanta waɗannan da ruwan tanki. Tsawon da aka ɗaga tankin shi ne matsi, yawan ruwan da yake zuba a bokiti cikin daƙiƙa shi ne kwarara, ƙuncin bututu kuwa shi ne turjiya. Kwatancin yana da amfani, sai dai a kiyaye abu ɗaya: ruwa yakan fita daga famfo ya tafi, amma lantarki ba ya gudana sai hanya ta zagayo ta koma inda ta fito. Wannan hanya ita ake kira kewaye. Kwararar da ta shiga na'ura ita ce take fita daga cikinta ba tare da ta ragu ba. Abin da na'ura take cinyewa shi ne makamashin da kwararar ta ɗauko.

Sunayen ma'aunan nan huɗu duka na mutane ne. Bolt daga Alessandro Volta ne, mutumin Italiya wanda ya bayyana batir na farko a 1800. Amfiya daga André-Marie Ampère na Faransa, wanda tun daga 1820 ya yi nazarin dangantakar kwarara da maganaɗisu. Wat daga James Watt, mai gyaran injin tururi. Om kuwa daga mutumin da za a yi magana a kansa yanzu. A babban taron masana lantarki na duniya da aka yi a birnin Faris a 1881 ne aka amince da bolt da amfiya da om a matsayin ma'aunai na kowa da kowa.

3.0 DOKAR OHM

Georg Simon Ohm Bajamushe ne, an haife shi a 1789, ya rasu a 1854. Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a birnin Kolon lokacin da ya fara gwaje-gwajensa. Matsalar da ya fara cin karo da ita ita ce batiran wancan zamani ba sa riƙe matsi guda, suna fara aiki sai su yi ta raguwa. Saboda haka a 1826 ya koma ga wata dabara: ya haɗa ƙarafa iri biyu, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar kuma a ƙanƙara. Muddin bambancin zafin nan bai canja ba, matsin da ake samu ba ya canjawa. Daga nan sai ya riƙa sauya wayoyin jan ƙarfe masu tsawo daban-daban, yana auna kwarara ta hanyar karkatar allurar maganaɗisu. Ya buga sakamakon aikin cikin littafi a birnin Barlin a 1827. Da fari masanan ƙasarsa ba su karɓi aikin da daraja ba, sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi lambar girma ta Copley.

Abin da ya gano shi ne, idan zafin waya bai canja ba, kwararar da take bi ta cikinta tana tafiya daidai da matsin da aka ɗora mata. A ninka matsi sau biyu, kwarara ta ninku sau biyu. Ke nan idan aka raba matsi da kwarara, lamba guda za a riƙa samu kullum, wannan lamba kuwa ita ce turjiyar wayar:

R = V ÷ I

Daga wannan ake juyo sauran fuskoki biyu:

V = I × R
I = V ÷ R

Misali na 1. A ɗauka an jona dutsen guga a soket mai bolt 230, wanda shi ne matsin da aka tsara wa gidaje a Nijeriya, aka kuma auna kwarara aka sami amfiya 5. Turjiyarsa ita ce 230 ÷ 5, watau om 46. Za a riƙe wannan dutsen guga a ci gaba da aiki da shi har ƙarshen takarda.

A nan ya kamata a yi wa ɗalibi gargaɗi game da awo. Ma'aunin matsi a gefe ake ɗora shi, bakinsa ɗaya a wannan ɓangare na na'ura, ɗayan a wancan. Ma'aunin kwarara kuwa sai an yanke kewaye an sa shi a tsakiya, domin duk kwararar ta bi ta cikinsa, in ba irin mai kama da awartaki ba ne wanda ake maƙala wa waya guda daga waje. Wanda ya kuskure ya tura ma'aunin kwarara kai tsaye cikin soket ya buɗe wa wuta hanya marar turjiya, abin da zai biyo baya kuwa tartsatsi ne. Ma'aunin turjiya shi kuma ba a ɗora shi sai an kashe wuta.

4.0 ƘARFIN AIKI

Bolt ɗaya yana nufin jul ɗaya na makamashi ga kowane kulom na lantarki, amfiya ɗaya kuwa kulom ɗaya ne a daƙiƙa. Idan aka ninka su, kulom ya fita daga lissafi, sai a bar mu da jul a daƙiƙa, wanda shi ne wat. Saboda haka:

P = V × I

Dutsen gugarmu ke nan yana da ƙarfin aiki na 230 × 5, watau wat 1,150.

Idan aka ɗauko dokar Ohm aka shigar da ita cikin wannan, za a sami fuskoki biyu masu muhimmanci ƙwarai. A maimakon V a sa I × R, sai a sami:

P = I × I × R, watau P = I² × R

A maimakon I kuma a sa V ÷ R, sai a sami:

P = V × V ÷ R, watau P = V² ÷ R

Ƙaramar lamba 2 da take sama tana nufin murabba'i, watau a ninka lamba da kanta. A gwada da misalinmu: 5 × 5 × 46 ya ba da 1,150, haka nan 230 × 230 ÷ 46 ya ba da 1,150. Hanyoyin uku gida ɗaya suke kaiwa. Fuskar I² × R ita ce James Prescott Joule na Ingila ya tabbatar da gwaji a 1840 zuwa 1841, inda ya tsoma waya cikin ruwa yana auna yadda ruwan yake ɗumama gwargwadon kwarara.

Sau da yawa ɗalibai sukan rikice a nan, su ce yaya za a yi a fuska ɗaya ana ninkawa da turjiya, a ɗayar kuma ana rabawa da ita? Shin turjiya ƙara zafi take yi ko rage shi? Amsar tana ga abin da yake tsaye bai canja ba. Na'urorin da aka jona a soket duk matsi guda suke samu, saboda haka fuskar V² ÷ R ce ta dace da su, kuma mai ƙaramar turjiya ita ta fi jan wuta. Amma na'ura da wayar da take kai mata wuta kwarara guda ce take ratsa su, saboda haka fuskar I² × R ce ta dace da wayar, kuma gurbin da ya fi turjiya a jikin wayar shi ya fi zafi.

Ƙarfin aiki dabam, makamashi dabam. Mitar gida ba wat take ƙirgawa ba, wat sau lokaci take ƙirgawa. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, watau jul 3,600,000. Idan mai wanki da guga ya yi awa biyu dutsen nan yana jan wuta, ya ci 1.15 × 2, watau yunit 2.3. A kwana 30 ya ci yunit 69.

5.0 ABIN DA MURABBA'I YAKE HAIFARWA

5.1 Idan matsi ya canja

Misali na 2. A ce da yamma, lokacin da kowa ya kunna kayansa, matsin unguwa ya sauka daga bolt 230 zuwa 180. Turjiyar dutsen guga tana nan kusan yadda take, om 46. Ƙarfin aikinsa ya zama 180 × 180 ÷ 46, watau kimanin wat 704. Matsi ya ragu da kashi 22 cikin ɗari, amma zafi ya ragu da kashi 39 cikin ɗari. Wannan shi ne dalilin da ya sa ruwa yake daɗewa bai tafasa ba a irin wannan lokaci fiye da yadda mutum zai zata.

Idan kuwa matsin hawa ya yi zuwa bolt 260, sai a sami 260 × 260 ÷ 46, kimanin wat 1,470. Ƙarin kashi 13 a matsi ya haifar da ƙarin kashi 28 a zafi.

Misali na 3. Kayan da aka ƙera domin gidajen Amurka na bolt 120 ne, kuma sukan shigo kasuwanninmu cikin kayan gwanjo. A ɗauki tukunyar lantarki mai wat 1,200 a bolt 120. Turjiyarta ita ce 120 × 120 ÷ 1,200, watau om 12. Idan aka jona ta a bolt 230, ƙarfin aikinta zai zama 230 × 230 ÷ 12, kimanin wat 4,408. Matsi bai kai ninki biyu ba, amma zafi ya kusa ninki huɗu. Ba a ƙera tukunyar domin ɗaukar wannan ba, dole ta ƙone.

5.2 Idan kwarara ta yi wa waya yawa

Ita kanta wayar da take kai wuta tana da turjiya. Turjiyar tana ƙaruwa da tsawon waya, tana raguwa da kaurinta. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, wadda faɗin bakinta milimita murabba'i ɗaya ne, tana da turjiyar kimanin om 0.017. Ta alminiyam mai wannan girma kimanin om 0.028 take da ita.

Misali na 4. A ɗauka mai shago ya ja wuta daga nisan mita 20. Tun da sai wuta ta je ta dawo, tsawon wayar mita 40 ke nan. Idan kaurinta milimita murabba'i ɗaya ne, turjiyarta kimanin om 0.69 ce. Da dutsen guga kaɗai, amfiya 5, zafin da yake tashi a jikin wayar shi ne 5 × 5 × 0.69, kimanin wat 17. Wannan ba abin damuwa ba ne, iska tana kwashe shi. To, sai aka ƙara hitar ruwa mai wat 1,500 da ƙaramin risho na lantarki mai wat 800. Jimla ta zama wat 3,450, kwarara kuwa 3,450 ÷ 230, watau amfiya 15. Zafin waya ya koma 15 × 15 × 0.69, kimanin wat 155. Kaya sun ninku sau uku, zafin waya ya ninku sau tara.

Da siririyar waya ce mai rabin wancan kauri, irin wadda ake saya don araha, da turjiya ta zama om 1.38, zafi kuma kimanin wat 310. Da kuwa mai kaurin milimita murabba'i 2.5 ce, irin wadda aka saba sa wa soket, da zafin bai wuce wat 62 ba. Daɗin daɗawa, idan aka naɗe waya, ko aka binne ta ƙarƙashin darduma ko bayan kayan sayarwa, zafin ba ya samun mafita, sai robar jikinta ta yi laushi ta narke, wayoyin biyu su haɗu.

Mafi hatsari daga wannan shi ne mahaɗar da ba ta ɗauru ba, kamar inda aka murɗe waya biyu da hannu aka naɗe da leda, ko soket da kusarsa ta kwance. A ce turjiyar wurin rabin om ce kawai. A amfiya 15, zafinsa 15 × 15 × 0.5 ne, fiye da wat 112, kuma duk a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ƙarfen da masu gyaran rediyo suke narka dalma da shi ma sau da yawa bai kai rabin wannan ba.

Fis an yi shi ne domin ya zama shi ne mai rauni a cikin kewaye, ya narke kafin waya ta yi zafi. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda ake amfani da shi a Nijeriya, yana ɗauke da fis da bai wuce amfiya 13 ba, watau 230 × 13, wat 2,990. Wanda fis ya yanke masa, ya ɗauko waya mai kauri ya ɗaure gurbin, bai gyara kome ba, ya dai kori mai gadi ne.

5.3 Dalilin manyan layuka

Wannan lissafi shi ne kuma ya bayyana dalilin dogayen turakun ƙarfe da muke gani a daji. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Kaduna da Kano. Tun da P = V × I ne, ana iya aika ƙarfin aiki guda da ƙaramin matsi da babbar kwarara, ko da babban matsi da ƙaramar kwarara.

Misali na 5. Domin sauƙin lissafi, a ɗauka layin kewaye ɗaya ne mai turjiyar om 10, ko da yake layukan gaskiya waya uku ne. Ana son a aika wat miliyan 100. A bolt 33,000 kwarara za ta zama kimanin amfiya 3,030, asarar hanya kuma 3,030 × 3,030 × 10, kusan wat miliyan 92. Ke nan kusan kome ya salwanta a daji. A bolt 330,000 kuwa kwarara amfiya 303 ce, asara kuma ba ta kai wat miliyan ɗaya ba. An ninka matsi sau goma, asara ta ragu sau ɗari. Saboda haka ne manyan layukan Nijeriya suke ɗauke da bolt 330,000 da 132,000, kana taransifoma ta riƙa sauke matsin zuwa 33,000 da 11,000, har ya iso gida a 230.

Akasin wannan shi ne abin da masu amfani da hasken rana da batir mai bolt 12 suke fuskanta. Kaya masu wat 120 a bolt 230 kwararar da suke bukata ɗan fiye da rabin amfiya ce. A bolt 12 kuwa amfiya 10 suke bukata. Da a ce amfiya 10 za su bi ta wayar nan ta misali na 4 mai om 0.69, da bolt 6.9 sun faɗi a hanya, fiye da rabin abin da batirin yake bayarwa. Ƙaramin matsi waya gajera mai kauri yake so.

5.4 Jikin ɗan Adam

Jikin mutum shi ma dokar tana hawa kansa. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma idan jiki ya jiƙe da ruwa ko gumi takan sauka zuwa wajen om 1,000. A bolt 230 kwarara ta zama 230 ÷ 1,000, watau amfiya 0.23. Na'urar kariya da ake sa wa gidaje domin ceton rai an tsara ta ne ta yanke wuta a amfiya 0.03. Ke nan mai jiƙaƙƙen hannu da ƙafa a ƙasa yana iya ɗaukar fiye da ninki bakwai na wannan iyaka, alhali fis mai amfiya 13 ko motsi ba zai yi ba.

6.0 IYAKAR LISSAFIN

Dokar Ohm ba ta hau kan kowane abu ba, kuma malamin da ya ɓoye wa ɗalibansa wannan ya bar su da rabin sani. Akwai wurare uku da ya kamata a kula.

Na farko, turjiya takan canja da zafi. Ƙwan fitila mai zare na wat 60 a bolt 230 turjiyarsa 230 × 230 ÷ 60 ce, kimanin om 882. Amma wanda ya auna shi yana sanyi zai sami wajen om 60 zuwa 70 ne kawai. Ba ma'auni ne ya yi ƙarya ba. Zaren idan ya kama yakan wuce digiri 2,000 na zafi, turjiyarsa kuma ta ninku fiye da sau goma. A ƙiftawar farko ta kunnawa, kafin zaren ya yi zafi, kwarara takan haura amfiya 3, maimakon 0.26 da yake ja a kullum. Shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa daidai lokacin da aka danna makunni. Fitilun zamani masu ƙaramin cin wuta, da cajar waya, da kwamfuta, su ba su da tsayayyiyar turjiya sam, don haka R = V ÷ I yana ba da amsa ce ta wannan lokaci kaɗai.

Na biyu, wutar gida ba hanya ɗaya take bi ba kamar ta batir. Kai da komo take yi sau 50 a daƙiƙa, matsinta yana hawa har kimanin bolt 325 ya sauko ya juya. Lambar 230 wani matsakaici ne da aka zaɓa domin ya ba da zafi daidai da na batir mai bolt 230. Saboda haka duk lissafin da aka yi a sama daidai yake ga kayan ɗumama.

Na uku, injuna masu naɗin waya, kamar firji da fanka da injin jan ruwa da injin niƙa, kwarararsu ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi, takan ɗan yi jinkiri. A nan V × I ya fi ainihin ƙarfin aiki yawa, sai an ninka shi da wata lamba da ba ta wuce 1 ba, wadda za mu kira ma'aunin dacewa. Injin da yake jan amfiya 5 a bolt 230, mai ma'aunin dacewa 0.8, ƙarfin aikinsa 230 × 5 × 0.8 ne, watau wat 920, ba 1,150 ba. Wannan ne ya sa ake rubuta girman janareta da taransifoma da bolt-amfiya.

Har ila yau, halin inji ya saɓa wa na dutsen guga idan matsi ya faɗi. Dutsen guga yakan haƙura ya rage zafi. Inji kuwa kayan da aka ɗora masa ba su ragu ba, don haka sai ya ƙara jan kwarara domin ya cike giɓi. Idan injin nan zai ci gaba da cin wat 920 a bolt 180, kuma a ɗauka ma'aunin dacewarsa bai canja ba, kwarara za ta hau zuwa kimanin amfiya 6.4. Zafin naɗin wayarsa, bisa I² × R, ya ƙaru da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Ashe ke nan ba sai wuta ta zo da yawa take ƙona kaya ba, ƙarancinta ma yana ƙona firji da injin ruwa, kuma hikima ce a kashe su idan aka ga fitila ta dusashe.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda an nuna cewa wanda ya auna matsi da kwarara ya mallaki sauran biyun: ya raba ya sami turjiya, ya ninka ya sami ƙarfin aiki. An kuma nuna cewa idan aka haɗa waɗannan biyu murabba'i yake fitowa, kuma shi ne yake bayyana sanyin dutsen guga da yamma, da ƙonewar kayan bolt 120, da zafin siririyar waya, da dalilin ɗaga matsi a manyan layuka.

Shawara ga 'yan'uwa malamai ita ce, kada a tsaya ga haddar alamomi. A sa ɗalibi ya karanto abin da aka rubuta a jikin kayan gidansu, wat nawa da bolt nawa, ya lissafa kwarara da turjiyar kowanne, ya tara kwararar duk abin da aka jona a soket guda, sa'an nan ya gwada ta da amfiya 13. Haka nan ya kyautu a kai wannan lissafi ga masu koyon haɗa waya a hannun iyayen gidansu, waɗanda da yawansu da Hausa suke koyon sana'ar, kuma su ne suke zaɓar kaurin wayar da za a sa a gidajenmu da kasuwanninmu. Kalmomin matsi da kwarara da turjiya da ƙarfin aiki da aka yi amfani da su a nan shawara ce ake gabatar wa wannan taro. Idan mahalarta sun ga waɗanda suka fi su dacewa, sai a tattauna a tsayar da guda, domin malamin Zariya da na Damagaram su riƙa kiran abu ɗaya da suna ɗaya.